Ƙofa Ruwan Ƙasa a Cikin Birni: Yadda Ake Zaɓe da Yadda Ake Shafawa

Duk wanda zai yi wa ƙofar gidansa fenti a cikin birnin Kano, ya sani ba shi kaɗai zai zaɓi launin ba. Ƙura tana da ta cewa, rana tana da ta cewa, haka ruwan damina da hannuwan yaran unguwa. Kafin shekara ta zagayo waɗannan huɗu sun sake wa ƙofar kama, ko maigida ya so ko bai so ba. Shi ya sa in aka nemi shawarata nakan ce a ɗauki ruwan ƙasa, don shi ne ya fi jure wa garin nan. Sai dai ruwan ƙasa iri-iri ne. Waɗanda na ga sun shafa shi sun yi da-na-sani, ko dai sun ɗauko mai duhun da ya wuce kima, ko sun zaɓa a cikin shago maimakon a ƙofar gida, ko kuma an shafa musu shi a kan tsatsa.

Ƙasar Kano ja ce, kuma ƙarfe ne ya rina ta. Tamar da ta zaunar da maƙera a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7 ita ce take ba wa birji da marmara launinsu. Da wannan ƙasa aka fara ɗora ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), da ita aka gina Gidan Rumfa, da ita kakanni suka buga tubali suka ta da soraye a Madabo da Yakasai da Koki da Daneji. Kududdufan da suka rage a unguwanni ramukan da aka haƙo ta ne. Ko yanzu da bulo da siminti suka cinye yawancin gidaje, ƙasar lungu ba ta sauya ba, kuma ita ce take tashi ta hau bango. Garin launin da masana'antu suka fi zubawa a fenti ruwan ƙasa shi ma ɗan gidan ƙarfe ne, dangin tsatsa da aka tace aka niƙa. Irin wannan launi rana ba ta koɗar da shi da wuri, saɓanin ja mai haske da ruwan hoda da ruwan goro, waɗanda bazara biyu takan ishe su su dushe. Ƙyallin fentin zai mutu a hankali, wannan ba makawa, amma launin yana nan.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa ruwan ƙasa ba ya nuna datti. Akwai gyara a cikinta, kuma a kan gyaran nan zaɓin ya rataya. Dattin da ke hawa ƙofa a birni iri uku ne, launinsu kuma ba ɗaya ba. Akwai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwaso mafi yawanta daga Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Wannan ƙura fara-fara ce, ta fi kusa da ruwan toka. Akwai jan taɓon damina, wanda indararo ke fantsamawa in ya zubo, da wanda tayar babur ke watsowa daga bakin kwata, yakan hau ƙyaure har tsayin gwiwa. Sannan akwai baƙin maiƙon hannu da ke taruwa a wajen sakata da inda ake turawa. Farar ƙofa tana ɓoye ƙurar hunturu, amma taɓo da maiƙo su tona mata asiri. Baƙar ƙofa da mai ruwan kofi ko cakuleti suna haɗiye maiƙo, amma ƙurar dare ɗaya a watan Janairu ta isa yaro ya rubuta sunansa a jiki da yatsa. Wanda ya tsaya a tsakiya, irin ruwan kirfa ko na busasshen dabino, shi ne kaɗai yake ɗaukar duka ukun ba tare da ya yi muni ba. Daga nan nake so mai karatu ya fara, sannan ya matsa wajen duhu ko haske gwargwadon abin da bangonsa da ranarsa suka nema.

Dubi bangonka kafin ka dubi gwangwani

Ƙofa ba ta tsayawa ita kaɗai, bango ne yake fito da ita ko ya binne ta. Abin da ake nema shi ne mai tahowa daga bakin lungu ya gane inda bango ya ƙare da inda ƙofa ta fara, ba tare da ya tsaya nema ba.

Gidan ƙasa shi ya fi wuya, musamman wanda har yanzu ake yi wa yaɓe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da yake ƙara wa yaɓe ƙarfi ya kuma ba shi duhu. In ka shafa wa ƙyaure launin da ya yi kusa da na bangon, ƙofar ta ɓace. Abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka ƙara duhu, amma ka tuna ƙurar hunturu. Mafita ita ce ka bar ƙyauren ya ɗara bangon duhu kaɗan, sannan ka zagaye bakin ƙofar da fari ko ruwan madara, faɗin tafin hannu. Wannan layin shi ne zai raba su. In kuwa fuskar zauren tana da zane, irin dagi da sauran adon da magina ke tarawa a kewayen ƙofa ana yi musu kore da shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, to babu launin da ya kai ruwan ƙasa dacewa da ƙyauren. Adon shi ne abin kallo, ƙyaure kuwa ya yi shiru ya bar masa fili. Ina jin takaici in na ga an zuba wa irin wannan zaure ƙofa shuɗiya mai ƙyalli, aikin maginin duk ya dushe a gefenta.

Bangon da aka yi wa filasta aka bar shi ruwan siminti, wanda shi ne ya fi yawa a lungunan birni a yau, yana son ruwan ƙasa mai ɗan ja, wato wanda ya karkata wajen ruwan makuba. Mai karkata wajen ruwan ɗorawa yakan yi kama da datti a jikin toka. Bango ruwan madara ko ruwan ƙwai shi ne mai sauƙin hali, kirfa ta zauna, dabino ya zauna. Farin bango ma haka, sai dai in ƙofar ta yi duhu sosai a wurin da rana ke duka, ido yakan gan ta baƙa ƙirin. In bangon kore ne, ka rage ja a cikin haɗinka, don ja da kore suna faɗa. In tayil aka manna a fuskar gidan, kada ka dogara da tunawa ko hoton waya. Ɗauki guntun tayil ɗin ka tafi da shi shago.

Ka kuma ɗaga kai ka dubi maƙwabta. A lungun da gidaje ke jingine da juna, in ƙofofi huɗu a jere duk ruwan ƙasa ne, bambanta taka da launin firam ko na dakali, saboda baƙo da ɗan aike. A ƙofar gida ake ɗaurin aure, a nan ake raɗin suna, a nan ake zaman makoki, kuma duk da kwatance ake zuwa.

Ina ƙofar take kallo?

Wannan tambaya ta fi ta bango nauyi in ƙofar ta ƙarfe ce. Launi mai duhu yana shan zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, ƙarfe mai duhu da rana ke duka yakan haura digiri 60. Hannun yaro ba ya jure wannan. Ƙarfen yakan buɗe har sakata ta cije, ya kuma riƙa hura zafi cikin zaure har bayan magariba.

Ƙofar da ke kallon yamma ita ta fi shan wuya, don rana tana dukanta daga azahar zuwa faɗuwarta, lokacin da gari ya riga ya ɗau zafi. Mai kallon kudu tana shan rana duk tsawon rani, domin Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana kuma tana karkata kudu a wannan lokaci, sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta take ɗan komawa arewa. Waɗannan biyu a ba su mai haske, daga kirfa zuwa ruwan shayi da madara, in da hali kuma a ɗora musu 'yar rumfa. Mai kallon gabas damuwarta ruwa ne, tun da daga gabas hadari yake taso mana, shi ya sa a da magina suka fi kula da yaɓen bangon gabas. A nan launi bai kai ingancin shafi muhimmanci ba. Mai kallon arewa ita ce 'yar gata, ko ruwan kofi ka ba ta za ta ɗauka ta fuskar zafi.

Amma birni yana da nasa hali da yakan juya lissafin nan. A ƙuntataccen lungu, inda mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya karkace, rana ba ta sauka a ƙofa sai na ɗan lokaci. A nan zafi ba abin damuwa ba ne, duhu ne abin damuwa: launin da ka gani matsakaici a bakin titi, in ya shiga inuwar lungu sai ya koma kusan baƙi. Ɗauki wanda ya fi abin da ranka ya so haske. Haka kuma ƙofar zaure ta gargajiya a buɗe take yini tun daga asuba, ƙyauren yana jingine a ciki cikin inuwa, don haka ranar da yake sha kaɗan ce. Get ɗin mota na gidajen bakin titi, irin na Sabon Titi ko hanyar Ƙofar Na'isa, shi a rufe yake yini, duk abin da rana ta zo da shi a kansa yake ƙarewa. Kada a auna su da mudu ɗaya. Fuskar ƙyauren ta ciki kuwa ba dole ta bi ta waje ba. Zaure ba shi da tagogi sosai, in aka yi wa cikin ruwan madara, ƙwan lantarki ɗaya ya wadatar da shi da dare.

Kafin ka sayi fenti da yawa, yi gwaji. Samo guntun abin da aka yi ƙofar da shi, falanki in katako ce, fallen ƙarfe in ƙarfe ce. Shafa launi uku gefe da gefe, kowanne shafi biyu, ka bar su kwana biyu su bushe, don ɗanyen fenti ba ya nuna ainihin kamarsa. Jingina shi a jikin bangon, ka koma ɗaya gefen lungun ka duba da hantsi, ka duba da azahar, ka duba da la'asar sakaliya, sannan ka duba da dare a hasken ƙwan da ke ƙofar gidan. Farin ƙwai yana mai da ruwan ƙasa toka-toka, mai ruwan ɗorawa kuma yana ƙara masa ja. Daga nan ɗebi ƙurar lungun ka watsa a kai, ka ga wanda ya fi ɗaukarta. Ka kira uwargida ta gani, don sau da yawa idon da ya saba zaɓen atamfa ya fi namu gane inda launi ya karkata.

Saye da haɗawa

Fentin mai ake yi wa ƙofa, ba fentin ruwa na bango ba, wanda ba ya hana tsatsa kuma ba ya jure wanki. Za a samu a Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da shagunan kayan gini na unguwanni. Mai ƙyalli sosai ya fi sauƙin gogewa, amma yana fito da duk wata lotsawa da tabon walda. Marar ƙyalli yana ɓoye su, amma yana riƙe ƙura. In an samu mai matsakaicin ƙyalli, shi ya fi.

Lissafin yawa ba shi da wuya. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayin santimita 210 ba ta cika murabba'in mita 2 ba a fuska ɗaya, wato kusan 4 ciki da waje. Lita ɗaya ta fentin mai tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, saboda haka ta isa shafi biyu. Get ɗin mota mai faɗin mita 3, galan ɗaya mai lita 4 ya ishe shi har da ragi.

In an samu launin da ake so a haɗe daga masana'anta, a ɗauka, ya fi sauƙin sake samu nan gaba. In kuwa sai an haɗa, a fara da jan fenti mai launin jar ƙasa, a riƙa ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan ana juyawa, don baƙi yana da ƙarfi, in ya yi yawa dawo da shi sai an ƙarar da gwangwani. Ruwan ɗorawa shi yake kai haɗin wajen kirfa. Fari yana ƙara haske, amma in aka zuba shi shi kaɗai a haɗin da ja ya rinjaya, sai ya koma ruwan hoda, don haka a haɗa shi da ɗan ruwan ɗorawa. A yi awo da gwangwanin madara, a rubuta adadin a murfi, kuma a haɗa duk abin da za a bukata a zama ɗaya. Haɗin yau da na gobe ba sa zama ɗaya ko da hannu ɗaya ne ya yi.

Wajen tsinka fenti ake yawan cutar ƙofa. Tina kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Za ka ji mai fenti ya ce, "Alhaji, bari a sa masa fetur, yanzu zai bushe." Amsarka ita ce, "A'a Malam, bar shi ya bushe a hankali, ba sauri muke ba." Fetur yana kashe ƙyalli, fentin da aka tsinka da yawa kuma siriri yake kwanciya, ba ya kare komai. Sayi kayan da kanka, a buɗe gwangwanin a gabanka, jingar kuma a yi ta a kan kankara da shafin ƙasa da shafi biyu na sama, kowanne da ranarsa. Mai fentin kirki zai ji daɗin wannan sharaɗi, don aikinsa ne zai yi kyau, amma a biya shi kuɗin kwanakin da zai yi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko sosai ba. Na san yawancinmu sai Sallah ta matso ko biki ya zo muke tuna ƙofa. To a fara da kwana goma a gaba, don fentin mai yana bukatar kusan mako guda kafin ya yi tauri. In dole ta sa sai da hunturu, a cire ƙyauren a shigar da shi zaure, a yayyafa ruwa a ƙasa, a tare bakin ƙofa da tabarma. Da bazara kada a shafa a kan ƙarfen da rana ta gasa, saman fentin zai bushe cikinsa ɗanye, ya yi ƙuraje. Da damina kuma katako a kumbure yake. In aka shafa a haka, hunturu na zuwa zai tsuke, sai a ga layin farin katako ya leƙo a gaɓoɓi.

Ƙofar ƙarfe

Mai walda yakan miƙo ƙofa da jan shafi a jikinta. Wannan jan shi ne shafin ƙasa mai hana tsatsa, kuma da yake launinsa ya yi kusa da ruwan ƙasa, mutane da yawa sukan ɗaura ƙofar su ce an gama. Ba a gama ba. Shafin ƙasa ba a yi shi don ya fuskanci rana da ruwa ba, yana tsotse laima, kuma cikin damina ɗaya ko biyu tsatsa za ta ɓullo ta ƙarƙashinsa. Amfaninsa ga mai ƙofa ruwan ƙasa shi ne, in kan babur ya karce fentin sama, jan da zai leƙo ba ya tsone ido.

A fara da kankara. Burushin waya a duk inda aka yi walda, a ɓamɓare ɓurɓushin da ya daskare, sannan sanfefa mai kaushi, lamba 80, a bi da lamba 120. Tsohon fentin da ya kama da kyau ba sai an cire shi ba, a dai kashe ƙyallinsa don sabo ya samu wurin kamawa. Wanda yake ɓarewa kuwa a bi shi har inda ya tsaya. A goge da tsumma mai tina don cire maiƙo. Duk inda farin ƙarfe ya fito a shafa masa jan shafin a ranar, kada a bari ya kwana, don raɓar dare ta isa ta ta da tsatsa. Ramuka da lotsawa a cike su da bodi fila irin ta masu gyaran jikin mota, a goge su yi sumul.

Inda ƙofar ƙarfe take fara mutuwa shi ne gindinta, ƙasan nan da ido ba ya gani, inda ruwan shara da na sama ke kwanciya. In ba a cire ƙyauren an kwantar da shi a kan benci biyu ba, burushi ba zai kai wurin ba. A cire shi. A ba gindin shafin ƙasa biyu, a tabbata kuma akwai tazarar yatsa tsakaninsa da dokin ƙofa. In an yi ƙofar da farin kwano irin na rufi, a gaya wa mai shago, don fentin mai ba ya zama a kansa sai da shafin ƙasa na musamman, in ba haka ba zai saɓule falle-falle.

Shafin sama a yi shi siriri, sau biyu, da burushi mai inci 2 ko 3. A fara da kusurwoyi da ado, a dawo faffaɗan wuri, jan ƙarshe kuma ya bi tsayin ƙofar. Tsakanin shafi da shafi a bar awa 16 zuwa 24, a ɗan shafa sanfefa mai laushi, a share garin. Feshi ya fi burushi sumul, amma a lungu iska takan kai shi jikin bangon maƙwabci da shanyar mutane, sai a yi shi a wurin mai walda. Sakata da mariƙi a cire su ko a naɗe su da takarda. Baƙi ko ruwan tagulla su suka fi fitowa a jikin ruwan ƙasa. In an mayar da ƙyauren, a goga kyandir a bakinsa don kada ya manne da firam, a kuma gitta benci saboda yara da awaki.

Ƙofofin ƙarfe na shigowa daga Turkiyya da Sin, masu zanen katako, yawanci ruwan ƙasa suke zuwa. Masu arha daga cikinsu zanen a sama-sama yake, rana takan koɗar da shi ko ta ɗaga shi. Ba zan sa irinsu a fuskar yamma ko kudu ba sai da rumfa.

Ƙofar katako

A nan abokiyar gaba gara ce. Ƙwanƙwasa ƙyauren da firam tun daga ƙasa. Inda ya yi amon fanko, gara ta riga ka. A sauya wannan yanki, don fenti ba ya rayar da cinyayyen katako. In sabuwa za a yi, a je 'Yan Katako na Na'ibawa a nemi busasshen katako mai ƙarfi irin maɗaci ko kawo. Ɗanye zai murɗe ya tsage fentin. A shafa maganin gara irin Solignum a ko'ina, musamman inda firam ya shiga bango, a bar shi kwanaki ya sha ya bushe. Baƙin man inji da wasu ke shafawa a katakon rufi kada ya kusanci ƙofa, fenti ba ya kama shi, kuma zai riƙa ɓata wa mutane riga.

In katakon mai kyan jijiya ne kuma ƙofar tana cikin inuwa, asara ce a rufe shi da fenti. Maɗaci da kansa ruwan ƙasa ne mai ja, banish kawai yake so. Amma banish ba ya jure ranar Kano, a fili yakan tsattsage cikin shekara ɗaya ko biyu. Ƙofar da rana ke duka a ba ta fenti: sanfefa lamba 120 sannan 180 ana bin jijiyar katakon, a cike tsaga, shafin ƙasa na katako, sai shafi biyu na sama. In aka ɗiga ɗan ruwan ƙasa a cikin farin shafin ƙasan, ko katakon ya tsuke daga baya ba za a ga fari ba. Kan ƙyaure da gindinsa da gefunansa duk a shafe su, don ta nan katako ke shan ruwa.

Akwai abin da ba na so a ɗauka da wasa wajen kankare tsohon fenti. Tsofaffin fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, da yawa suna ɗauke da dalma. Ita ce gubar da ta kashe yara kusan 400 a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinare ta fito, amma illar ɗaya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa. A jiƙa wurin kafin a goge don kada gari ya tashi, mai aiki ya sa takunkumi, a nisanta yara da masu juna biyu, a tattare ɓawon a ƙulle a leda, kada kuma a ƙona tsohon fenti da wuta. Gwangwanin da ya ƙare kada ya koma na ɗiban ruwa ko awon hatsi. Tina da tsumman da ya sha fenti a raba su da murhu. Gobara a lungun da motar kashe wuta ba ta shiga ba ƙaramar masifa ba ce.

Bayan an gama, kulawar kaɗan ce. Da hunturu a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don busasshe yana karce ƙyalli. Fostar siyasa a jiƙa ta ta saki da kanta, kada a bi ta da wuƙa. Alamar allin ma'aikatan rigakafi a bar ta sai zagayensu ya wuce, ruwa zai wanke ta. Duk watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, a durƙusa a duba gindin ƙofar, a taɓa inda ya karce da ragowar fentin da aka ajiye.

Ga masu tsohon gida ina da roƙo. In ka gaji ƙyauren zaure na da, mai kaurin katako da ɗaurin ƙarfen maƙera da manyan ƙusoshi, kada ka sa masa fenti kowane iri. Launinsa shekaru ne suka ba shi, babu gwangwanin da zai kwaikwaye shi. Share shi da burushi mai laushi, yi masa maganin gara, ɗaga gindinsa daga laima. A Gidan Makama ana adana tsoffin ƙyamaren ƙofofin gari, ka je ka ga irin darajar abin da ke hannunka, ka kuma nemi shawarar ma'aikatan wurin kan adana shi. Ko tsaro ya sa ka sa ƙofar ƙarfe a waje, mayar da tsohon ƙyauren zuwa zaure na biyu, kada ka bari ya tafi wajen 'yan gwangwan ko ya shiga murhu.